Man shanun da na ɓoye a ƙarƙashin gado

Maigidana tsohon soja ne. Da ya yi ritaya muka dawo gida Zuru, aikinsa ya koma zama a gindin mangwaro da rediyo. Ni kuma abin da na iya ke nan, girki. Tuwon dawa, miyar kuka, in kwarara masa man shanu har ya yi iyo a sama. A ganina ƙauna ce.

Wajen shekara ta dubu biyu da biyar ya fara ciwon ƙeya da jiri. Likita ya ce hawan jini ne, kuma kitse ya yi masa yawa a jini. Ban gane haɗin ba, na tambaya. Ya ce kitsen yana liƙewa a hanyoyin jini, su ƙuntace, su yi tauri, sai zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi. Ya ba da magani, ya hana man shanu, ya ce a rage gishiri.

Gishiri bai ba ni wuya ba. Man shanun ne matsala, don wata Bafillatana ce daga wajen Manga take kawo mana, shekara da shekaru, yawanci ma kyauta. Yaya a wurina, haka nake kiranta. Da wane baki zan ce ta daina? Sai in karɓa, in yi godiya, in tura ƙarƙashin gado.

Wata biyu muna komawa asibiti, jinin bai sauka ba. Likita yana kallona, ina rantsuwa. Ran nan ina shara na jawo kwanon man, na ga sawun cokali har gindi. Maigida ya ce ɓeraye ne. Na ce ban san ɓerayen gidan nan sun fara cin abinci da cokali ba. Ya ƙara muryar rediyo.

Da Yaya ta zo, na zaunar da ita na faɗa mata komai, ina jin kunya kamar na yi sata. Ta ce da na bari ya mutu da man nata a cikinsa, da ba ta yafe mini ba. Ta leƙa waje ta dubi maigida.

“Saja, nawa mijin yana bin shanu har Ribah. Kai me kake bi? Inuwa?”

Ya ce shi ya gama nasa tattakin tun a bariki. Ta ce to ya tashi ya raka ta, ta ga irinsa.

Daga ranar tsala take kawowa, nonon da aka cire wa mai, kuma ba ta tafiya sai ya saka takalmi. Da farko iyakarsa bakin titi, ya dawo yana haki yana mita. A hankali har ranar da ba ta zo ba yakan fita. Kafin kaka likita ya auna, ya sake aunawa, ya ce mu ci gaba da abin da muke yi. Maigida ya ce masa horon soja ne. Na ƙyale shi.