Kujerar Hedimasta

Rigimar farko da Hedimasta ya yi bayan ya ajiye aiki a kan igiyar takalmi ce, kuma kaye ya sha.

Kwana tara ke nan da yi masa bankwana a makaranta, inda aka ba shi agogon bango da kujera mai hannu. Da hantsi takalmin matarsa ya tsinke. Maimakon ya ce a kai wa mai gyara kamar kowane dattijo mai hankali, sai bawan Allah ya shiga ɗakin ajiya ya jawo akwatin marigayi ubansa, wanda ya shekara arba'in yana gyaran takalma a bakin tasha. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya naɗe ƙafa, ya zura zare a basilla. Har da 'yar waƙa a hanci.

Ana haka sai ga yayarsa ta sauko daga tasi. Mace ce da in ta yi gyaran murya kaji ke komawa akurki.

"Me zan gani haka? Wa ya mutu?"

"Yaya, sannu da zuwa. Takalmi nake ɗinkewa."

"Na ga takalmi, ai ban makance ba. Kai nake tambaya. A ƙasa? A bakin titi?"

"Kyan ɗa ya gaji ubansa," in ji shi, da muryar nan da yake yi wa 'yan aji shida.

"Ubanmu ya huda yatsunsa goma don kada ka gaje shi. Tashi!"

Ya so ya tashi a natse, don a ga ra'ayinsa ne ba umarni ba. Ashe gwangwanin gam ya kife a ƙarƙashinsa. Ya miƙe, tabarma ta miƙe tare da shi, manne da bayan riga kamar jela. Mai kanti na tsallake ya nutse bayan kanta don kada a ga haƙoransa.

"Ka gani?" in ji Yaya. "Ko tabarma ta fi ka kunya, asiri take rufa maka."

Ranar aka mayar da akwati ɗakin ajiya, aka fito da kujera.

To, ku ji yadda ake ɗaure mutum ba igiya. Kullum da safe matarsa za ta goge masa riga, a ajiye kujerar a inuwar ƙofa, ya hau. Shi ke nan aikin. Tsofaffin ɗalibansa su wuce su rusuna, ya ɗaga hannu. In ya ɗauki bokiti, wani ya rugo ya karɓe. In ya ce bari ya taka zuwa kasuwa, kafin ya kai kwana mota ta tsaya: "Haba, ranka ya daɗe, muna raye?" Ba ya cin abu a tsaye, ba ya dariya har a ga dasashi, ba ya tsugunawa kallon masu dara. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana rubuta dokoki a allo, na ɗaya zuwa na goma sha biyu, ga shi cikin dokokin da ba allo, ba lamba, ba wanda za ka je ofishinsa ka ce a sassauta. In ya tambaya wa ya hana, sai a ce mutane. Ya duba titin daga wannan kai zuwa wancan, bai taɓa ganin gidan da mutanen nan suke ba.

Abin haushin, su ne dai masu cewa sana'a ba ta da kunya, zaman banza ne abin gudu. Shi ya koya musu, da bulala ma. Sun haddace sarai. Amma haddar ta baki ce, kamar ta aku.

Da yake kowa rusuna masa yake, idonsa sai ya koma ƙasa. Ya san ƙafar kowa a unguwar. Mai kemis yana cinye dunduniyar hagu. Direban bas yana take bayan takalminsa. Nas ɗin da ke haya a bene tafin nata ya buɗe baki kamar yana neman abinci. Yana gani, yatsunsa na motsi a hannun kujera, har fentin wurin ya goge. Wata shida, riga ta fara yi masa yawa. Abinci sai ya juya cokali ya ture.

Matarsa ba ta karanta littafi ko ɗaya daga cikin nasa ba, amma shi ta karance shi tas. Wata rana da azahar ta jefa takalminta cikin ɗakin ajiya, ta ce, "Malam, ɓera nake ji a ɗakin can. Shiga ka duba. Kada ka yi sauri, ni ban ga komai ba."

Ɗakin ba taga. Buhuna ne, da fanka marar fiffike ɗaya, da tulin tsofaffin rajistoci, da ƙwan lantarki guda mai hasken ciwon ido. Nan ya kifa turmi ya zauna. Ya shafa wa zare kaki, ya soka basilla, ya ja. Da ya fito, gumi har gwiwa, ya cinye kwano biyu.

Magana kuwa ba ta kwana a cikin mata. Takalma suka fara shigowa ta ƙofar baya, a jaka, ƙarƙashin kayan miya. Mai kemis zai tsaya da safe ya ce, "Ranka ya daɗe, hutu ya karɓe ka," alhali matar shi mai kemis ɗin na tsakar gida da takalmansa ƙafa biyu a leda. Yaya da kanta ta zo ziyara ta manta nata a bayan randa, ta dawo bayan kwana uku ta tarar ya warke, ba ta tambayi likitan ba. Babban ɗansa, Lauya, in ya zo ranar hutu ya tuɓe takalmansa a ƙofar falo, uwar ta faki ido ta shige da su. Ya fito ya zura, ya tafi yana yabon kamfanin da ya yi su, wai shekara huɗu ko gezau.

Kowa ya sani, ba wanda ya sani. A yi, amma kada a gani. Awa biyu a cikin zafi, sannan ya wanke hannu da sabulu sau uku saboda warin gam, ya koma kujera a ci gaba da girmama shi. Sau ɗaya ya roƙi a bar shi ya fito ƙarƙashin bishiyar tsakar gida, ko don iska. Matar ta ɗaga kai ta dubi tagogin bene, ta ce, "Malam, katangarmu gajeriya ce." Bai sake roƙo ba.

Shekara biyu ana haka, sai wani abokin aikin Lauya ya tsokane shi a gaban jama'a, wai ya gaida masa ubansa shumeka, mai gyaran takalmi. Ranar Asabar sai ga Lauya da sabon kwaɗo a hannu, Yaya na biye da shi don ƙarin nauyi. Suka tarar da tsohon a kan turmi, basilla a baki.

"Baba, me ka rasa? Me muka gaza yi maka?"

"Ba ku gaza ba."

"To me ya sa za ka sa a riƙa nuna ni da baki? Sunan gidan nan ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai ƙannena, akwai jikokinka. Me mutane za su ce?"

"Faɗa masa dai," in ji Yaya. "Ni na gaji. Tsufa ya zo, hankali ya ƙi biyo shi."

Lauya ya yi bayani mai tsawo, da na farko da na biyu, yadda ake biyansa ya yi. Ɗakin za a rufe, don mutuncin Baba ne, wata rana zai gode. Matar tana bakin murhu tana ta juya tukunyar da ba komai a ciki. Hedimasta ya leƙa ta ƙofa, ya hango hannun kujerarsa a waje tana jiransa. Daga nan har kabari, ke nan, da gogaggiyar riga. Sai idonsa ya sauka inda ya saba sauka.

Abin da ya faɗa shi ya kashe maganar. Kwaɗon yana nan rataye a ƙusa har yau, ɗakin ma har yau ba taga. Ya zare basilla daga baki, ya taso a hankali, ya ba su hanya.

"Kulle, Lauya. Amma aikina ba ya kwana a waje. Tuɓe na ƙafarka ka sa a ciki tukuna, ɗinki uku gare ni a jikinsa. Yaya, ke ma miƙo naki. Sai ku taka har titi a haka, ku jiyo mini abin da mutane za su ce."