Injin Lurwanu Bai Manta da Sauda Ba

Tsoro ya kama Lurwanu da hantsin wata Laraba, lokacin da takarda ta fito daga injin bugawa da ɗuminta. Shaidar ajiye dosiye ce, wato tarin takardun neman aiki, a wata ƙungiya mai farfaɗo da fako tsakanin Keita da Buza. Ya ɗaga ta yana karantawa, kamar yadda yake yi wa kowace takarda kafin ya miƙa wa mai ita. Takardun da aka jera duk na Najiba ne, har da lisans ɗinta, wato digirin jami'a. Sunan da ke sama kuwa Sauda Iliya. Ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga, ya mayar. Sauda Iliya ce dai. An kuma rufe karɓar dosiye tun jiya.

Shekara talatin Lurwanu ya yi yana rubuta wa mutane takardu a Buza. Da farko a gindin itacen bedi, da tsohon keken rubutu mai cin harafin "e", daga baya a ɗan shago kusa da kasuwa, da ordinater ɗaya, wato kwamfuta, da surukinsa ya kawo masa daga Tawa. A aji uku na kwaleji ya tsaya da karatu, amma babu wanda ya taɓa kama shi da kuskure a sunan mutum. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne bai yarda da komai a madadin kowa. Sai ya karanta maka takarda da Faransanci, ya maimaita da Hausa, ya tambaye ka ko ka yarda, sannan ka sa hannunka da kanka. Shi ya sa in za a yi aron gona a fadama, shi ake nema ya zama shaida.

Da neman aiki da rajistar jarrabawa suka koma intanet, bai sake hali ba. Kowane shafi ya buɗe, wani akwati yakan tare gaba yana neman izinin ajiye abin da ake kira kukis. Samari sukan danna "na yarda" ba tare da sun duba ba. Lurwanu kuwa yakan juya allon wajen mai aikin, ya ce masa mai shafin yana roƙon ya bar 'yar ajiya a cikin inji, don ya gane shi in ya dawo. Wani makiyayi daga Ibohamane ya taɓa tambayarsa ko mai shafin ɗan gidan wa ne. Lurwanu ya ce bai sani ba. Makiyayin ya ce to bai yarda ba, Lurwanu kuma ya nuna masa inda ake ƙi, ya danna da yatsansa.

Abu ɗaya ne ya ƙara daga kansa. Tunda ajiya ce, kuma da yardar mai ita aka bar ta, bai taɓa goge ta ba. A ganinsa wanda aka ba ajiya bai da hurumin zubar da ita.

Ranar Talata da safe Sauda ta zo daga wajen Bangi, neman aiki a waccan ƙungiya. Ta saurari karatun akwati, ta danna yarda, aka buɗe mata rajista da sunanta da lambar wayarta. Da aka zo wurin sa takardu, ashe ta baro takardar haihuwa a gida. Ta ce za ta dawo, ba ta dawo ba.

Bayan la'asar Najiba ta shigo. Ɗiyar maƙwabcinsa ce, shekara biyu da gama jami'a a fannin noma, kuma wannan ne aiki na farko da ya fito daidai da abin da ta karanta. Da ya buɗe shafin, akwati bai fito ba. Kai tsaye aka kai su wurin sa takardu. Lurwanu ya ɗan dakata, sai ya ga ai wanda ya shigo gida da safe ba ya sake sallama daga ƙofar waje, shafin ya saba da shagon ke nan. Duk da haka ya tambayi Najiba ko ta yarda, ta ce ta yarda, ko da yake babu inda za ta danna. Suka tura. Kafin a buga shaida wuta ta ɗauke, ya ce ta dawo gobe.

Ga goben ta zo. Najiba ta shigo da fara'a, ta tarar da shi zaune da takarda a gwiwa.

"Baba Lurwanu, lahiya?"

"Ɗiyata, zamna. Takardunki sun tahi. Ke ce ba ki tahi ba."

Ta karanta sau biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ko ana iya sakewa, ya nuna mata shafin, an rubuta an rufe da jan rubutu. Ta ninke takardar gida huɗu, ta buɗe, ta sake ninkewa.

Ya kira Barnabas, mai gyaran injuna da ke zuwa daga Madawa ranar kasuwa. Barnabas ya duba, ya yi masa bayani a taƙaice: ajiyar nan ba ta san mutum ba, inji ta sani. Kamar alamar da ake yi wa saniya a cinya ce, duk wanda ya ga alamar ya san garken, bai damu da wanda ke riƙe da igiya ba. Sauda ta shiga ba a fitar da ita ba, don haka duk wanda ya zauna a kujerar bayanta, Sauda ne a wajen shafin. Ya ce a injin da jama'a ke amfani da shi, ana fitar da mutum a goge bayansa kowane lokaci.

"A goge abin da ta yarda a ajiye?"

"Malam, ko kai ka zauna jiya, da yanzu sunanka Sauda."

Lurwanu bai yi dariya ba. Ya tambaya ko za a iya gogewa yanzu. Barnabas ya ce ana iyawa, amma ba zai dawo da abin da ya riga ya tafi ba. Lurwanu ya ce to a bari sai an tambayi Sauda.

Washegari ya rufe shago, abin da bai taɓa yi ba a ranar aiki, ya hau bayan babur zuwa Bangi. Ya sami Sauda a gidan ƙanen babanta. Ta ce ita ta haƙura tun ranar, don takardar haihuwar ba ta ganu ba. Da ta ji an nemi aiki da sunanta da lisans, ta ce ita dai iyakarta sakandare, amma ta gode. Ya rubuta takarda a gabanta, cewa rajistar tata ce, takardun na Najiba ne, kuskuren kuma na Lurwanu ne mai rubutu a Buza. Ya karanta mata da Faransanci, ya maimaita da Hausa, ta sa hannu, dattijai biyu suka sa nasu. Sannan ya tambaye ta ko ta yarda a goge ajiyarta. Ta ce ba ta san tana da ajiya ba, a goge.

An tura hoton takardar ta adireshin da ke ƙasan shafin. Ainihin takardar kuma direban motar Tawa ya kai ofishin ƙungiyar, ya ce wata mata ta karɓa ta sa a aljihun tebur.

Yanzu Lurwanu yana goge inji bayan kowane mutum, amma sai ya tambaye shi tukuna. Najiba takan biyo ta shagon kowace safiya, ta gaishe shi, ya buɗe akwatin saƙo su duba tare. Kwana goma sha tara ke nan. Ƙungiyar ta ce ƙarshen wata za ta fitar da sunayen waɗanda za a kira jarrabawa. Har yau ba a amsa takardar ba.