Kokawar da Ta Hana Yayana Gayya

A shekarun da ake kai auduga Funtuwa a kan jakuna, tun muna cikin jihar Kaduna, ƙauyenmu da na ƙetaren rafi, can wajen Gozaki, gayya ɗaya muke yi. Da damina samarinsu su zo su nome mana, mu ma mu je mu nome musu. Da kaka kuma mu haɗu a dandali mu yi kokawa. Yayana shi ne gwaninmu, kuma shi ya fi kowa buƙatar gayya, don gonar dawarsa babba ce, ga iyali, ga tsohuwarmu a hannunsa.

Gwanin ƙetare ya daɗe ba a kai bayansa ƙasa ba. A kakar da nake magana, yayana ya ɗaga shi ya nana da ƙasa. A al'ada, wanda ya yi kaye yakan miƙa hannu ya ta da wanda ya kayar, ya karkaɗe masa baya, sannan a yi murna. Yayana ya sunkuya ke nan muka afka fili muka sure shi sama. Ni na riƙe ƙafarsa ta dama. Yana ta cewa mu sauke shi, kalangu bai bari an ji ba. Ni na ji, ban kuwa sake shi ba.

Da a nan muka tsaya da sauƙi. Sai wani ya ce ai ya kamata mu raka baƙi gida. Muka bi su da kiɗa har ƙetaren rafi, muka yi cincirindo a ƙofar gidan mutumin, muna tambaya ko a kawo ruwan zafi a gasa masa baya. Mahaifinsa na zaune a kan buzu a bakin zaure. Ya bari muka yi muka gaji, sannan ya ce, "Sannunku da zuwa, samari. A gai da mutanen gida."

Washegari yayana ya ɗauki goro ya je ban haƙuri shi kaɗai. Aka karɓi goron, aka ce masa ba komai, ai wasa ne.

Da ruwa ya sauka ciyawa ta taso, ya aika da gayyar noma kamar yadda ya saba. Matarsa ta dama fura mai yawa, ta tuƙa tuwo. Har hantsi ba wanda ya ƙetaro. Yayana ya daɗe yana kallon hanyar rafi, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai mai ƙarfin ɗaukar mutum, ga fartanya nan."

Mu 'yan ƙauyen muka duƙufa, amma ba mu da yawa, kuma kowa tasa gonar na jiransa. Ciyawa ta cinye gefen gabas gaba ɗaya, dawar da ya samu ba ta kai shi bazara ba. Daga baya dattawa sun sa baki gayya ta dawo, amma kafin nan yayana ya riga ya sayar da wannan gefen.