Labari biyu kan yadda Malam ya cika

Shekara biyar ke nan da korona ta ɗauke mini maigidana, Malam Nuhu, a nan Doha, kuma har yau ban iya wuce ƙofar asibitin ba tare da na kau da kai ba.

Malamin tarihi ne a wata sakandare. Tarihin ma na Normandawa, mutanen arewacin Faransa da suka ƙetare teku suka ci Ingila da yaƙi. Na sha tsokanarsa, na ce mutum ya taso daga Zariya ya ƙare a kan rigimar gadon Turawa! Sai ya yi dariya ya ci gaba da jan bironsa a kan takardun yara.

Abin da ya fi naci a kai shi ne tambayar jarrabawa da ake ba yaro rubutun mutum biyu na wancan zamanin, a ce ya gwada su. Ɗaya malamin coci ne a fadar wanda ya ci yaƙin, yana cewa da ma sarautar tasa ce. Ɗayan mutumin Ingila ne yana kukan ƙasarsa. Malam yakan ce kafin ka duba abin da mutum ya faɗa, duba inda yake tsaye, da wanda yake so ya ji. Yaron da ya rubuta cewa wane maƙaryaci ne ya tsaya nan, ya zubar da makinsa. 'Yarmu Safiyya ta haddace wannan tun kafin ta san inda Ingila take.

Da ya kwanta, ba a bar kowa ya shiga ba. Amininsa, Injiniya Sabo, shi ya buga wa Hajiya, mahaifiyar Malam, waya, ya gaya mata ɗanta ya cika da kalmar shahada a bakinsa, cikin natsuwa. Haka ake faɗa wa uwa, kowa ya sani. Hajiya ta riƙe maganar nan ƙam, duk wanda ya je gaisuwa sai ta maimaita masa. Mu ma da ita muka rayu.

Sai lokacin gasar kofin duniya. An rufe makarantu, gari ya cika maƙil, Safiyya tana gida tana shirin irin jarrabawar da ubanta ke koyarwa. Wata rana a tashar jirgin ƙasa ta unguwar Mansura wata mata ta ji muna Hausa ta gaishe mu. Sista Rifkatu ce, ma'aikaciyar jinya daga Jos. Da ta ji sunan Malam sai ta dafe ƙirji, ashe ita ce a kansa ranar. Safiyya ta tambaye ta kai tsaye ko ya yi shahada. Baiwar Allah ta ce tun da aka sa masa na'urar numfashi bai sake magana ba. Ta ce ta riƙe hannunsa ta cikin safar roba, tana masa Hausa, har ya tafi.

Wallahi ban san yadda muka iso gida ba. Safiyya ta ɗauki waya, ta ce an yi mana ƙarya, yanzu za ta gaya wa Hajiya. Tsohuwar nan kuwa ba ta da abin da take dogara da shi sai wannan magana. Na san in na hana, ƙara tunzura ta zan yi, kafiyar ubanta ce da ita. Sai kawai na ce, "Da takardar jarrabawa ce, me Abbanki zai ce ki fara dubawa?"

Ta harare ni, ta shige ɗaki ta banko ƙofa. A waje ana ta busa ƙaho, wata ƙasa ta ci ƙwallo.

Ta daɗe kafin ta fito, idanu sun kumbura. Ta ce Baba Sabo a bakin asibiti yake tsaye, da uwa yake magana. Sista kuwa a ɗakin take, kuma 'ya ce ta tambaye ta. Ta ce ta duba ta ga abu ɗaya ne dukansu suke so mu ji, cewa bai wulaƙanta ba.

"Umma, wani ya riƙe hannunsa," in ji ta. "Ni da ma abin da ke hana ni barci ke nan."

Ta ajiye wayar.

Yau yara na tambayar waya ta gwada musu rubutun, ta ba su amsa tsaf. Na san da Malam yana nan da ya yi tsaki, ya ce ita wayar a ina take tsaye? Ina kewar wannan tsakin ƙwarai.

Hajiya ta rasu bara. Safiyya ta je Zariya jinyarta, kuma tsohuwar ta sake ba ta labarin yadda ɗanta ya cika da shahada. Yarinyar ta saurara har ƙarshe, tana riƙe da hannunta, ta ce Allah ya sa mu ma mu cika da imani. Allah ya jiƙanka, Malam, ɗalibarka ta ci.