Agogon da ya tsaya ran Talata

Wata bakwai bayan rasuwar 'yata ta fari, baƙin akwatin da ta bari a kan teburin ɗakinta ya fara ƙara. Ƙas, ƙas, kamar ana taɓa ƙofa da farce. Ina shara da hantsi na ji, har na yi sallama, tsintsiya a hannu.

Aikinta naɗar muryoyi ne. Takan je ƙauyukan Droum ta ɗauki waƙoƙin niƙa na tsofaffin mata, ta dawo ta zuba su cikin akwatin nan daga ordinatarta, wato kwamfuta, ba ta ma jona waya. Tata muryar tana ciki. A salulata ba ni da ko guda, gida ɗaya muke, saƙon murya na me?

Na kira ƙanwata da ke aikin biro, wato ofis, a Yamai, na kara salular jikin akwatin.

"Yaya, abin nan mutuwa zai yi. Ki kwashe abin da ke ciki yau."

Bayan azahar na yi bisimilla na buɗe ordinatar. Ta nemi suna da kalmar sirri. Kalmar tana rubuce a takardar da marigayiyar ta manna ƙarƙashin akwatin.

"To sa sunanta," in ji ƙanwata.

"Kin san ba na faɗa."

"Wa ya ce ki faɗa? Rubutawa za ki yi. Ke da kunyarki har na'ura!"

Shekara ashirin da shida sunan 'yar fari bai fita bakina ba. Na danna haruffan da yatsa ɗaya, ina kau da kai. Ordinatar ta rubuto da Faransanci cewa an hana shiga. Na sake, ta sake hanawa. Ƙanwata ta sa na duba ko manyan haruffa ne a kunne, ko ordinatar na ganin akwatin. Duk lafiya lau. Ta ce in dakata, in na yi ta kuskure zai kulle ni waje. Shi kuwa yana ta ƙas, ƙas, yana ƙara sauri.

Can ta ce, "Duba ƙasa, hannun dama. Ƙarfe nawa?"

Bakwai da kwata na safe. Talata. Na karanta mata kwanan watan. Safiyar nan ce yarinyar ta rufe ordinatar, ta bar kunu rabin kofi, ta hau kabu-kabu zuwa tasha. Motar ba ta kai Droum ba.

"Pil ne, ɗan batirin agogon ordinatar, ya mutu, Yaya, ba wani abu ba. Akwatin yana yau, ita tana can baya, shi ya sa bai yarda da ita ba. Gyara kwanan watan."

Na kasa. Duk gidan nan ordinatar kaɗai ce ba ta ji labari ba. A wurinta har yanzu kunun da ɗumi. Na zauna ina kallon minti na wucewa, bakwai da ashirin, da ashirin da ɗaya, alhali rana ta karkata a kan katangarmu.

"Yaya, ko ranar ko muryar. Zaɓi."

Na yi wa yarinyar addu'a, na sa kwanan watan gaskiya. Nan take ya buɗe. Kafin la'asar na kwashe komai zuwa ordinatar, ban tashi ba sai da ƙanwata ta tabbatar.

Na danna ɗaya daga muryoyin da ka. Ga ƙarar turmi, ga tsakar gidanmu, ga ta tana dariya: "Inna, sau ɗaya dai, ki kira ni da sunana a naɗa."

Na ji kaina a ciki ina cewa, "Tafi can."

Akwatin ya yi shiru da magariba, bai ƙara tashi ba. Washegari da na buɗe ordinatar, agogon ya koma bakwai da kwata, Talata. Ƙanwata ta ce pil ɗin ne, a unguwar Zango ana samu. Ban aika an sayo ba.