Gobnait Ta Karɓe Sunanta

Ni ban taɓa kiranta Debbie ba, ko sau ɗaya. 'Yar gwaggona ce, tare muka tashi a Ballyvourney, kuma sunan da Fada, limamin cocinmu, ya faɗa ranar da aka zuba mata ruwan baftisma shi ne Gobnait.

Ba wani ne ya zauna ya zaɓa ba. A wajenmu 'yar fari sunan kakarta ta wajen uwa take ci, ko da daɗin ji ko babu. Kuma sunan waliyyiyar garinmu ne, mai kiwon ƙudan zuma, wadda har gobe ake zuwa kabarinta neman lafiya. Wasu sun ce asalin sunan daga kalmar maƙeri ya fito, wasu sun ce a'a. Ni dai abin da na sani, a zamanin iyayenmu in ka tsaya ƙofar coci ka ƙwala "Gobnait!" sai mata sun yi ta waigowa. Yanzu je ka makarantar yara ka nemo min guda.

Ita kuwa tun tana ƙarama ba ta iya zama. Tana wanke kofi idonta na kan hanya. Tana gama makaranta ta hau jirgin ruwa sai Birmingham, ta samu aikin kula da tsofaffi. Shugabar wajen ta dube ta, ta ce, "Mene? A'a, nan sai dai Deborah." Da ma haka aka saba yi wa masu sunan in sun tsallaka. Abin da ya ci min rai, ba ta ko yi musu ba. Da ta zo hutu sai cewa ta yi, "Ke Nuala, sunan nan Gobnait warin kashin shanu yake."

Na ce, "Madarar shanun ce dai ta raine ki."

Ta auri wani ɗan can, ta haifi 'ya ɗaya, Orla. Deborah ta koma Debbie: miji Debbie, maƙwabta Debbie, har a jikin ƙofa Debbie. Da mijin ya rasu ta tattaro ta dawo gida, ita kuma Orla ta yi aure a birnin Cork.

Dawowar ba ta zaunar da ita ba. Yau ta sake wa ɗaki fenti, gobe ta tuge furannin da ta shuka jiya. Kullum sai ta haura maƙabarta cikin ruwan sama, ta tsaya kan kabarin kakarmu, wadda ta ci sunanta, tana karanta dutsen. Sai ga Orla da ciki, likita ya ce mace ce. Daga ranar Gobnait ta ƙara birkicewa. Ta fara saƙa hula ta warware, ta sake farawa. Ba ta faɗa min ba, amma na san lissafin da take yi: 'yar fari ce, ita ce kakar wajen uwa, kuma in ba wannan jaririya ba, sunan ya ƙare a danginmu.

Wata Lahadi Orla ta zo, muna shan shayi a kicin, ta ce cikin murna, "Mama, mun yanke shawara, al'adar gida za mu bi. Sunanki za mu sa mata."

Gobnait ta ajiye kofi.

Orla ta ce, "Deborah. Ko bai yi ba?"

Na kusa ƙwarewa. Na ce, "Wace Deborah? Uwarki Gobnait take!"

"Haba Anti Nuala, wa yake kiranta haka in ba ke ba?"

Gobnait ta miƙe, ta goge teburin da ba abin da ya zube a kai, sannan ta ce a hankali, "Da dai kin sa na gaskiyar."

Orla ta yi dariya, da ta ga ba wasa ba ne ta daina. "Mama, ke da kanki ba ki iya ɗaukarsa ba, sai 'yata za ki ɗora wa? Tun ina goye ban taɓa jin kin amsa shi ba."

Ni ma da nake da baki kamar reza, sai na tashi na kwashe kofuna.

Aka haifi yarinya, aka yi baftisma, Deborah. Gobnait ta riƙe ta a coci, ba ta yi kuka ba, sai jijjiga ta take fiye da kima har Orla ta karɓe ta. A wajen walima wata tsohuwar abokiyar aikinta da ta zo daga Birmingham ta ɗaga hannu, "Debbie, zo ki zauna mana!"

Ba ta waiga ba. Matar ta sake kira. Sai Gobnait ta nuna jaririyar da haɓa, ta ce, "Ga Debbie can tana barci, kada ki tashe ta. Ni Gobnait nake."

Washegari ta fara bin gari: mai kawo wasiƙa, mai kantin magani, har yaran ƙungiyar waƙar coci, kowa sai da ta gyara masa sunan. Surukinta har yanzu yakan manta, ita kuma sai ta yi kamar kurma har ya tuna. Jiya da rana ta shigo min ba sallama, jakarta a kafaɗa, wai za ta Cork ta ga takwarar da ba takwararta ba. Shayin da na zuba mata a tsaye ta sha.