Jirgin Baba a Bayan Jif

Shekara biyu na yi ina lallashin Baba ya bar ƙauyenmu na bakin tafki, kusa da Wara, ya dawo wurina Yelwa shi da Inna. Ƙafafun Inna sun fara kumbura, likita yana son ganinta duk bayan mako biyu, hanyar kuma tana wahalar da ita fiye da ciwon. Ita ta ce ba za ta bar mijinta ba. Shi kuma ya ce ba zai bar jirginsa ba. Ni da nake koyar da lissafi a sakandare, na rasa yadda zan warware wannan.

Jirgin ba wani abin kallo ba ne. Kwalekwale ne na katakon maɗaci, ya girme ni, duk jikinsa faci. Na ce a ɗaura shi bayan jirgin inji a jawo shi ta ruwa har Yelwa. Baba ya dube ni kamar na ce a ɗaure Inna.

"Inji shi ja tsohon ga? Kahin ku kai rabi allunan sun rabu. In dai kana son mu, ɗauko shi bisa tudu, sannu. Inda yat tahi nan nika zuwa."

Ina da tsohuwar jif da na saya hannu na uku, ina ji da ita fiye da yadda ta cancanta. Na sa mai walda ya haɗa mini amalanken ƙarfe mai ƙafa biyu, dogo, ya kafa ƙugiya a bayan motar. Ranar Asabar na isa ƙauye ina ta fankama. Masunta takwas suka cicciɓo jirgin suka aza, muka maƙala a ƙugiya. Nan take bayan jif ya durƙusa. Hancinta ya ɗaga sama, tayoyin baya suka shige cikin jikinta. Na ja taku goma, na ji roba tana gurzar ƙarfe, na tsaya.

Sai kan malamin lissafi ya kawo dabara. Katakon ya sha ruwa ne, shi ya sa ya yi nauyi. Na ce a kife shi a kan yashi mako ɗaya ya bushe, sai in dawo.

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Masuntan suka sunkuyar da kai, kunya suke ji a madadina. Ni ɗan Basarke, jinin masunta, wanda aka haifa da ƙarnin kifi a hannu, ga ni ina cewa a shanya jirgi a tsakiyar bazara.

Baba ya ce, "Boko ya cinye ka, wallahi. Ruwan ga da kaka son hiddawa, shi ya riƙe shi. Kwana ɗaya yas sha rana, ya tsage. Jiƙe za shi tahi, da buhu jiƙaƙƙe bisa, da ruwa cikinai. Ba jirgi za a rage ba. Tahi ka ƙara ma motakka ƙashin baya."

Aka mayar da jirgin cikin tafki, na koma Yelwa da amalanke wayam. Na ji haushi a hanya, ba na musu. Amma kafin in kai Birnin Yauri haushin ya koma kaina.

Makanikena dattijo ne mai son tsokana. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin motar.

"Malam, sifirin ɗin ga sun gaji tun kahin ka saye ta. Dubi, sun miƙe sarai. Wagga ko buhun gero ukku aka aza mata sai ta yi maka gaisuwa."

Sifirin bayan jif ɗin irin na falle-fallen ƙarfe ne da aka jera aka ɗaure. Ya ce zai ƙara falle biyu a kowane gefe, daga na tsohuwar motar ɗaukar kaya, ya sauya shokazoba da masu ƙarfi, ya kawo dogayen kusoshin ɗauri tunda na da ba za su kai ba. Ya gargaɗe ni cewa in babu kaya motar za ta riƙa tsalle, kuma birkinta bai ƙaru da komai ba, don haka kada in ga ta tsaya ƙyam in ɗauka ta zama tirela.

Kwana uku ina zaune a kan benci ina kallonsa. Yana wanke kowane falle, ya shafa masa giris, ya jera, ya ɗaure kaɗan kaɗan, wannan gefe sannan wancan. Ban taɓa zaton zan damu da abin da ke ƙarƙashin mota haka ba. Da ya gama, muka je wurin wani maƙwabcinsa mai albasa, muka loda buhuna a amalanken har ya ce sun kai nauyin jiƙaƙƙen jirgi. Ya sa hannu tsakanin taya da jikin mota. Tafinsa ya shige duka, har da saura.

Muka tashi daga ƙauye bayan sallar asuba, da an fara ganin hanya. An shimfiɗa tsofaffin tayoyi a ƙarƙashin jirgin, an lulluɓe shi da buhunan algarara jiƙaƙƙu, an bar ruwa a cikinsa daidai idon sawu. Jif ta ɗan sauka, ta tsaya daidai. Baba bai ɗauko ko riga ta biyu ba, filafilinsa na tuƙa jirgi kawai ya riƙe. Inna tana bakin ƙofa, ba ta ɗaure komai ba ita ma. Na gane cewa har yanzu ba a amince da ni ba.

Baba ya zauna a kujerar baya, ya juya yana kallon jirgin ta gilashi, haka har muka isa. Tafiyar da na saba yi kafin shayi ya huce a fulas, ranar sai da ta kai mu azahar. Masu babur suna wuce mu suna ɗaga hannu. Duk ramin da na shiga sai in ji ya ja numfashi. Sau huɗu ya ce in tsaya, in sauka da bokiti in sake jiƙa buhunan daga jarkokin da muka ɗauko. Ban yi gardama ko sau ɗaya ba.

A bakin kogi a Yelwa masunta suka taimaka muka sauke. Baba ya kwashe ruwan ciki da ƙwarya, ya goge da tsumma har katakon ya daina sheƙi. Sannan ya tura jirgin, ya shiga, ya zauna. Bai tuƙa ba. Ya aza tafin hannunsa a kan haɗin allunan, yana bi ɗaya bayan ɗaya, daga hanci har gindi. Ni ina tsaye a gaɓa, rana tana dukana, ina jira kamar ranar da na je duba sakamakon jarrabawa.

Ya daɗe. Can ya ɗaga hannun ya duba, ya juyo mini da shi. A bushe yake.

"To," ya ce, bai ko kalle ni ba. "Gobe ka koma ka ɗauko innakka. Ka yi mata tuƙin da kay yi mashi."